Yadda na zaɓi hanyar wuƙa wajen share fuskar farantan ƙarfe goma sha biyu

Aikin ya zo mana ne daga wata masana'antar roba da ke nan Sharada, ba nisa da shagonmu. Farantan ƙarfe goma sha biyu suke so, waɗanda za a ɗaure mazubin roba a kansu. Kowanne tsawonsa milimita 300, faɗinsa 200, kaurinsa 30, ƙarfen kuma irin wanda ake kira C45 ne. Takardar zanen ta ce a rage kaurin ya dawo 26, fuskokin biyu su kwanta sumul, tudu da kwarin da ke kan fuska kada ya wuce 0.05 na milimita. Share fuska shi ne darasin farko da ake koya wa yaro a injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, don haka da na karɓi takardar ban ɗauka akwai abin da zai tsayar da ni ba. Kwana uku aikin ya ci, kuma yawancin lokacin ya tafi ne a kan tambaya ɗaya: ta ina wuƙa za ta shiga ƙarfen, ta ina za ta fita.

Injinmu tsoho ne ɗan Taiwan, mai ƙwaƙwalwar Fanuc, bakinsa da ke riƙe wuƙa samfurin BT40 ne. Wuƙar da na ɗauko mai faɗin milimita 63 ce, da haƙora biyar na kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, waɗanda suka kwanta a kusurwar digiri 45. Na yi lissafin da aka saba. Gudun yanka mita 220 a minti, idan aka raba shi da kewayen wuƙar, yana ba da juyi wajen 1110 a minti. Kowane haƙori na ba shi 0.2 na milimita, sau haƙora biyar, sau juyin, tafiyar tebur ta zo milimita 1110 a minti. Saboda kwanciyar haƙorin a digiri 45, ainihin kaurin ɓarɓashin da yake ɗiba bai kai 0.2 ba, wajen 0.14 ne, shi ya sa irin wannan wuƙa take jure tafiya mai sauri fiye da mai tsayayyen haƙori. Har zuwa nan babu kuskure. Waɗannan lambobi ban canza su ba har aikin ya ƙare, wajen yankan farko dai.

Da na buɗe Fusion 360, manhajar da muke tsara hanyar wuƙa da ita, na zaɓi aikin share fuska, sai na bar shi a kan abin da muke ce wa je-ka-ka-dawo: wuƙa ta tafi daga hagu zuwa dama tana yanka, ta matsa gefe, ta dawo daga dama zuwa hagu tana yanka. Tazarar matsawa na sa milimita 45, wato kusan kashi 70 cikin ɗari na faɗin wuƙar. Dalilina shi ne lokaci. Wuƙa ba ta tafiya a banza ko sau ɗaya, kowane zuwa da kowace dawowa aiki ne. Na ɗaure farantin farko a bais, wato matsin da ke riƙe aiki a kan tebur, na ɗora shi a kan sandunan ɗori, na buga shi da gudumar roba har ya zauna, na ɗauki sifili, wato wurin da inji zai fara awo, na adana shi a G54, na buɗe ruwan sanyaya, na danna koren maɓalli.

Kunne ne ya fara gaya mini akwai matsala. Idan wuƙar tana tafiya dama, ƙarar a daidaice take, kamar keken ɗinki mai lafiya. Idan ta juyo sai ƙarar ta yi kauri, da wani ɗan karkarwa da nake ji har a ƙofar injin da na dafa. A layi na biyar, na ƙarshe, na ji "ƙas" sau biyu. Da na buɗe ƙofa na goge ruwan, fuskar farantin ta fito da zane kamar tabarma: layi ɗaya yana sheƙi, na kusa da shi ya dusashe da ƙananan zane masu giciye, haka har ƙarshe. Bakin farantin ta wajena ya yi geza mai kaifi. Na cire wuƙar na duba da gilashin ƙara girma, haƙora biyu sun ɓantare a baki.

Akwai wani dattijo a shagonmu da ya yi shekaru masu yawa a kan injin hannu tun kafin a kawo CNC. Baba muke ce masa. Ya zo ya shafa fuskar da bayan farcensa, ya ɗaga farantin zuwa hasken ƙofa, ya ce, "Ɗana, rabin aikin nan ka yi shi da hawa, rabi ka yi shi da gangara. Yaya za su yi kama?" Ya ɗauki alli ya zana da'ira a kan teburin aiki, ya sa kibiya, ya ce in bi haƙori ɗaya da yatsa tun daga shigarsa har fitarsa.

A nan na daɗe, domin nan ne tushen abin. Da umarnin M3 wuƙa tana juyawa ne irin juyin hannun agogo idan ka kalle ta daga sama. Ka ɗauka tana tafiya dama, ƙarfen da ba a yanka ba yana ta wajenka, wato ta hannun damanta. Haƙori zai faɗa ƙarfen a inda akwai nama mai kauri, ya ɗibi rabonsa, ɓarɓashin ya riƙa siranta har ya fita ba tare da komai a bakinsa ba. Wannan shi ne yankan hawa. Idan wuƙar ta juyo tana tafiya hagu alhali ƙarfen yana nan ta wajenka, komai ya birkice. Haƙori zai shiga a inda kaurin sifili ne, ba zai samu abin kamawa ba, sai ya fara da goga da murza ƙarfen kafin ya huda, zafi ya taru, sannan ya fita a lokacin da bakinsa yake cike da ɓarɓashi mai kauri. Kabaid yana jure dannawa sosai, amma ba ya jure fizga. Lokacin da haƙori ya fita daga ƙarfe da kaya mai nauyi, nauyin yana sauka ne farat ɗaya, ɓarɓashin ya lanƙwashe ya ja bakin haƙorin, sai ya ɓantare. Wannan yankan na biyu, wanda Baba ya kira gangara, shi ne na gargajiya, kuma Baba ya ce shi suka fi yi a injin hannu, saboda dunƙulen da ke tura tebur yana da sako-sako, idan ka yi yankan hawa wuƙa za ta fizgi teburin ta shige ƙarfe fiye da kima. Injin CNC ƙwallaye ne a cikin dunƙulensa, sako-sakon kaɗan ne ƙwarai, don haka wancan tsoron babu shi a wurinmu.

Amma hakan bai bayyana mini dalilin da ya sa layin ƙarshe ne ya fasa haƙoran ba, alhali layi na biyar tafiyar dama ce, yankan hawa. Sai da na zauna da biro da takarda. Layi biyar sau milimita 45 ya kama 225, farantin kuwa 200 ne. Ke nan a layin ƙarshe wuƙar ta leƙo waje da milimita 25, bakin farantin ya faɗo kusan a tsakiyar wuƙar, tazarar milimita shida da rabi kawai. Tsakiyar wuƙa kuwa nan ne ɓarɓashi ya fi kauri. Kowane haƙori yana fita daga ƙarfen a daidai wurin da ya fi ɗaukar kaya, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ashirin. Sunansa yankan hawa a kwamfuta, amma fitar haƙorin irin ta yankan gargajiya ce. Gezar da na gani a bakin farantin ma daga nan take. Tun daga ranar ba na sa tazarar matsawa da ka. Ina raba faɗin aikin ne da adadin layuka, in ƙara kaɗan. A nan na sa 41, sau biyar 205, wuƙar ta leƙo da milimita biyar kacal, haƙori ya fita da ɗan siririn ɓarɓashi. Wani abin lura kuma, faɗin da za ka ba kwamfuta shi ne na ƙasan haƙora, inda suke taɓa fuska, ba na jikin wuƙar ba, domin mai digiri 45 jikinta ya fi bakinta faɗi.

Hanyar da ta fi kowace kyau da a ce muna da halinta ita ce wucewa ɗaya tak da babbar wuƙa, babu layi babu mahaɗa. Masu ƙera wuƙaƙe suna ba da shawarar wuƙa ta fi faɗin yanka da kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari, a kuma kauce da ita kaɗan daga tsakiyar aiki. Faranti mai faɗin 200 zai buƙaci wuƙa mai faɗin 250, wadda injin BT40 ba zai iya ɗauka ba, kuma ba mu da ita. Na ajiye wannan tunanin nan take.

Abin da ya rage shi ne in raba aikin gida biyu, yankan farko da yankan ƙarshe, kowanne da hanyarsa.

Yankan farko ba kyau ake nema a cikinsa ba, cire nama ake so ba tare da an kashe haƙora ba. Farantan da wutar gas aka yanko su, kuma C45 idan wuta ta bi ta bakinsa yana taurara. Duk shigar da wuƙa za ta yi ta wannan baki duka ne ga haƙora. Na sa yaron da ke koyon aiki a hannuna ya bi bakunan da giranda ya kashe taurin, ya ɗan kwantar da kusurwar. Sannan na zana hanya mai kewaye, daga waje zuwa ciki kamar katantanwa, ƙarfen da ba a yanka ba yana hannun dama koyaushe. Shiga ɗaya ce, wuƙar ba ta sake fita sai ta gama, kuma duk kewayen yankan hawa ne. A kusurwoyi ban bar ta ta karya kwana a tsaye ba, na ba ta lanƙwasa mai faɗi don kada nauyi ya ƙaru mata farat ɗaya. Zurfin milimita 1.5 ne, wanda ya isa ya shige ƙarƙashin baƙar fatar da ke kan ƙarfen. Idan zurfin bai kai ba haƙora a kan fatar za su yi ta gogawa, ita kuwa kamar yashi take cin su.

Shigar ma na gyara ta. Idan wuƙa ta doshi bakin ƙarfe kai tsaye, tun daga taɓawar farko har rabin jikinta ya shige, haƙora suna fita ne da ɓarɓashi mai kauri. Maganin shi ne a shigo da ita a lanƙwashe, da baka irin na juyin hannun agogo, wato G2, ta yadda gefen da haƙori yake fita zai kasance siriri tun daga farko. Idan aka yi bakan ta ɗaya hannun bai magance komai ba. Bambancin a kunne ake jinsa. Dā akwai wani "gab-gab-gab" a farkon kowane layi, yanzu ƙarar tana tasowa ne a hankali har ta daidaita.

Ruwan sanyaya kuma na rufe shi, na kawo iska. Da na sake duba haƙoran farko na ga ban da ɓantarewar akwai ƙananan tsaga a jere a bakinsu kamar haƙoran mataji. Haƙorin da ke yankan ƙarfe yana yin zafi sosai a ciki, ya fito ruwa ya daki shi, ya koma ciki, sau fiye da dubu a minti. Wannan zafi da sanyi shi ke tsaga kabaid. Da iska kaɗai, ɓarɓashin ya riƙa fita ruwan ƙasa yana komawa shuɗi a cikin tire, farantin kuwa ɗumi kawai ya yi, alamar zafin yana tafiya da ɓarɓashin. A alminiyam ba zan yi haka ba, shi yana manne wa haƙori idan babu ruwa.

Na gama fuska ɗaya ta faranti na biyu da wannan tsari, na kwance bais, na kai shi kan dutsen awo, na bi shi da agogon awo. Allurar ta nuna 0.15 tsakanin tsakiya da gefuna. Raina ya ɓaci, domin na ɗauka hanyar wuƙar ce ta sake ba ni kunya. Na koma na ɗaure shi kamar dā na bi shi da agogon a cikin injin, sai ga shi kusan a miƙe. Ashe matsalar ba ta wuƙa ba ce. Ƙarfen da aka murza da zafi aka kuma yanka da wuta yana da wani ɗauri a cikinsa, fatar sama da ta ƙasa suna jan juna sun daidaita. Ka cire ta gefe ɗaya, sai ya lanƙwashe. Ga kuma bais, wanda idan ka matse shi da ƙarfi yake ɗan tura tsakiyar faranti sama, ka share shi a haka, ka saki, tsakiyar ta koma ta zama kwari. Babu zaɓin da ke cikin kwamfuta da zai gyara wannan.

Sai na canza jerin aikin gaba ɗaya. Na yi wa duka farantan yankan farko gefe da gefe, 1.5 a sama, 1.5 a ƙasa, na bar rabin milimita a kowace fuska, na jingine su a bango suka kwana. Maigidan shagon ya leƙo da yamma ya ga babu ko ɗaya da aka gama, ya ce, "Malam, mutanen nan fa jibi za su aiko mota." Na ce, "Ranka ya daɗe, idan na gama su yau, gobe za su lanƙwashe a hannunsu." Na nuna masa allurar agogon a kan faranti na biyu. Ya yi shiru, ya ce in yi yadda ya dace.

Washegari na zo yankan ƙarshe. A nan hanya ɗaya na zaɓa: wuƙa ta yanka layi, ta ɗaga, ta koma da gudu a sama, ta sauka a waje, ta sake shiga ta gefen da ta fara. Kafin in yanke wannan shawara na lissafa abin da zan yi asara, tunda lokaci ne ya kai ni ga je-ka-ka-dawo tun farko. Na ɗaga juyi zuwa 1300, na rage rabon haƙori zuwa 0.12, tafiya ta zama 780 a minti. Kowane layi wajen milimita 380 ne idan aka haɗa da shiga da fita, kusan rabin minti ke nan. Komawar banza daƙiƙa biyu zuwa uku ce, sau huɗu a fuska, wajen daƙiƙa goma. Fuska 24, minti huɗu a dukan aikin. Saboda minti huɗu na fasa haƙora biyu na kuma kusa lalatar da faranti.

Saura zanen giciyen nan da ya fito a layi ɗaya bai fito a ɗaya ba. Haƙoran baya ne suke yin sa, waɗanda suka riga suka gama yankansu suna zagayowa ta kan fuskar da aka share, suna taɓa ta. Na ɗaura agogon awo a bakin injin na zagaya da shi da'ira mai faɗin milimita 250 a kan tebur, na samu bambancin 0.03 tsakanin hagu da dama. Kan injin ya ɗan karkata ke nan, abin da ido ba zai gani ba. Idan wuƙa ta tafi ta ɓangaren da ya fi sauka, haƙoran gaba ne a ƙasa, na baya sun ɗan ɗaga, ba sa taɓa komai. Idan ta tafi ta ɗaya ɓangaren na baya ne a ƙasa, sai su yi ta karce. Gyaran wannan aikin saita ƙafafun inji ne, ba na ranar ba. Na gwada duka biyun a kan guntun ƙarfe, tafiyar dama ce ta fito tas. Don haka na fara daga bayan faranti, ina tafiya dama, ina matsowa wajena layi bayan layi. Da a ce tafiyar hagu ce ta yi kyau, sai in fara daga gaba in riƙa matsawa baya, yankan hawan yana nan yadda yake.

Abu biyu na ƙara kiyayewa. Na farko, wuƙar ta fice gaba ɗaya daga kan faranti kafin ta ɗaga, har haƙoran baya su wuce baki. Idan ta ɗaga a kan fuska tana barin tambarin da'ira da ba ya goguwa. Na biyu, na sa sababbin haƙora, na hure mazauninsu da iska na goge da tsumma, na auna tsayinsu ɗaya bayan ɗaya. Guda ya fi sauran sauka da 0.02, na kwance na tarar da ɗan ƙwayar ɓarɓashi a ƙarƙashinsa. A yankan ƙarshe haƙorin da ya fi sauka shi kaɗai ke rubuta fuskar, kuma muddin tafiyar juyi ɗaya, wadda a nan 0.6 ce, ba ta kai tsawon ɗan shimfiɗaɗɗen ƙasan haƙorin ba, fuskar za ta fito sumul.

Wajen ɗauri na sassauta hannu sosai. Na dangana farantin a kan sandunan ɗori, gefen da ya yi doro yana sama, inda ya bar rata na cusa siririn ƙarfen cike gibi, ban buga guduma ba, na matse bais daidai yadda zai riƙe. Wuƙa mai digiri 45 tana danna aiki ƙasa ne yayin da take yanka, ga zurfin rabin milimita kawai, don haka ba a bukatar matsi mai yawa. Na share fuskar farko, na juya, wadda aka share ta zauna daram a kan sandunan, na share ta biyu.

A faranti na bakwai aka ɗauke wuta ana tsakiyar layi na uku. Kafin janareta ya ɗauka wuƙar ta tsaya a cikin ƙarfe ta bar tabo. Na ɗaga ta da hannu, na mayar da injin gida, na duba haƙora, na sake ɗaukar sifili. Sa'ar da na yi fuskar farko ce, akwai sauran nama a ta biyu, sai na ƙara zurfin 0.1 na sake fuskar daga layin farko, na rage wannan adadin daga ɗaya gefen. Daga nan na roƙi a bar mu a kan janareta har mu gama.

Na auna kowane faranti a kan dutse bayan ya huce, a wurare tara, kusurwa huɗu, tsakiyar gefuna huɗu, da cibiya. Mafi muni ya nuna 0.03, yawancinsu 0.02. Layukan suna nan ana ganinsu idan haske ya faɗo a kai, biyar a jere duk iri ɗaya, amma farce ba ya kama mahaɗarsu. Farantin farko ma, wanda je-ka-ka-dawo ya zana, ya tsira, domin akwai sauran kauri a jikinsa. Baba ya ɗauki na ƙarshe ya kai shi hasken ƙofa kamar yadda ya yi wa na farko, ya juya shi sau biyu, ya ce wa yaron ya kawo mai a shafa musu kafin raɓar dare ta sa su tsatsa. Motar ta zo da hantsi muka loda su, kowanne da kwali a tsakaninsa da ɗan'uwansa.